Ranar da Ban Ɗaga Ƙofar Ruwa Ba

Shekara talatin da ɗaya makullin ƙofar ruwa yana hannuna. Idan bazara ta yi, teku ya turo gishiri cikin kogin Bang Pakong, sai in rufe ƙofar da ke tsakanin kogin da ƙoramar ƙauyenmu. Idan ruwan daɗi ya dawo, in buɗe. Aji huɗu na yi a makaranta na bari, don haka da harshena nake aiki. In ɗebo ruwa da ƙoƙon kwakwa, in kurɓa, in furzar, in ce a buɗe ko a bari. Ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

A waccan bazarar gishiri ya zo da wuri, ya ƙi tafiya. Wata uku ƙofa na rufe. Ƙorama ta janye har laka ta tsattsage, mangwaro ya fara zubar da 'ya'ya tun ba su kai ƙwan kaza ba. Wanda bai san itace ba sai ya ce a ba shi ko wane irin ruwa. Ba haka ba ne. Ƙishirwa amfanin shekara ɗaya take zubarwa, zartsi kuwa saiwa yake ƙonewa, itacen da uban mutum ya dasa ya mutu a tsaye.

Ana cikin haka wata malamar jami'a mai suna Wanida ta tara yara maza arba'in a makarantar gunduma, wai sansanin kimiyya, kwana goma na hutu, su ci can su kwana can. Yawancinsu daga birni aka kawo su a mota. Daga ƙauyenmu uku aka ɗauka. Akwai jikana Nawin mai shekara sha biyar. Akwai Faisol ɗan mai shayi, wanda bakinsa ba ya hutawa, in ba ci ba magana. Sai Tong ɗan gidan da ke bayan haikali, siririn yaro da sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa.

Ni ban so ba. Muna jidar ruwan rijiya a jarka muna zuba wa ƙananan itatuwa, ga hannu biyu sun tafi wasa. Ranar kwana na uku na hau keke na tafi ɗauko shi.

Na same su a ɗakin taro, kowane teburi da yara da kwalabe. Nawin na riƙe da ƙwai.

"Kaka! Lafiya?"

"Tattara kayanka. Itatuwa na mutuwa kana nan kana wasa da ƙwai."

"Ba wasa ba ne, duba. A wannan ruwan ya nutse, a wannan mai gishirin ya taso."

"To sai me? A soya shi a huta."

Malama Wanida ta zo ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce in tsaya in ga abu ɗaya kafin in tafi. Tong ya ɗauko wata doguwar kwalba mai farin ruwa, ya zura siririn tiyo har ƙasa, ya riƙa ɗura ruwan gishiri da aka rina ja. Jan ruwan ya kwanta a gindin kwalbar, farin yana bisansa, ba su gauraya ba. Na kalla. Ban ga abin da zai shayar da itace ba.

Na kama hannun Nawin ke nan sai na ji wani yaron birni a bayana yana ce wa ɗan'uwansa, "Kakan 'yan laka ya zo kwashe su." Suka ƙyalƙyale. Kunnen Nawin ya yi ja. Na saki hannunsa. Ba zan fitar da jinina daga ɗaki ana yi masa dariya ba.

"Zauna ka gama," na ce. "Amma kada ka dawo mini gida da ƙwai."

Ranar kwana na bakwai labari ya zo cewa an tafka ruwa a duwatsun da kogin ke fitowa. Da hantsi launin kogi ya sauya. Na sauka matakala na ɗebo na kurɓa. Daɗi. Na koma gefe guda na sake, na sake a karo na uku. Daɗi zalla. Kogin namu kullum yakan cika ya janye tare da teku, don haka na aika wa maigari Somkid cewa idan ruwa ya cika kafin azahar zan buɗe.

Dole in faɗi yadda ƙofar take. Tsohuwar ƙofarmu ta katako ce, alluna ne ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, in za a ba da ruwa sai a zare na sama ruwa ya tsallako. Shekara uku da suka wuce hukuma ta gina mana ta ƙarfe a gefenta, mai sitiyari. In ka murza sai ƙyauren ya ɗaga, ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Muka lafta wa tsohuwar yumɓu muka manta da ita. A shekara ukun nan ban taɓa buɗe ta ƙarfen ba sai damina ta kankama.

Kafin rana ta take gari ya taru a kan gadar da ke bakin ƙofar. Masu injin ban-ruwa sun ja tiyo, mata sun kawo shinkafa mai danƙo da soyayyen kifi, kamar ranar biki. Na cire kwaɗo, na ɗora hannu kan sitiyari, ina jiran ruwa ya kai alamar da na yanka a jikin bango.

Sai ga kekuna biyu da yara uku cikin rigunan sansani masu ruwan ɗorawa. Faisol na bayan Nawin, ya saɓa wata doguwar gora.

"A matsa, a matsa! Masana sun iso!"

"Masanin gindin tukunya," in ji ubansa daga cikin taro. "Uban wa ya sake ku?"

"Malama ce, Baba. Ta ce mu auna ruwa a wuri biyar kafin abincin rana. Nan ne na ƙarshe."

Gorar sun yi mata zane da jan fenti, kamu-kamu. A bakinta sun ɗaure cokali biyu da ba su taɓa juna ba, waya ta biyo jikinta zuwa wani gwangwanin kifi mai batir da ɗan ƙwan fitila. Su suka haɗa da hannunsu. Nawin ya ce in ruwa na da gishiri fitilar sai ta kama. Ya tsoma cokulan a kogi. Ba ta kama ba.

"Ruwan daɗi ne, Kaka."

"Na gode da ka sanar da ni."

Gada ta ɗauki dariya. Faisol ya ja gorar. "Shi ke nan, mu tafi. Yau shinkafa da kaza ce, 'yan birnin nan ba sa rage wa kowa."

"Gurbi uku ne a takardar da Malama ta ba mu," in ji Tong a hankali. "Sama, tsakiya, ƙasa."

Faisol ya ce, "Cike kawai, sarkin gaskiya. Wa zai sani?"

Tong ya miƙa hannu. Ya karɓi gorar ya riƙa zura ta. Kamu ɗaya, shiru. Da ta wuce ɗaya da rabi sai fitilar ta yi ja kamar garwashi. Da cokulan suka taɓa ƙasa, ta haske tar a cikin gwangwanin, da rana tsaka.

Ruwa ya kai alamata. Na fara murzawa. Sai na ji hannun Nawin a kan nawa.

"Kaka, kada ka buɗe."

Tunda aka haifi yaron nan bai taɓa ce mini kada ba. Na dube shi, amma bai ɗauke hannun ba.

"Ka tuna jan ruwan da ka gani a kwalba? Haka kogin yake. Na daɗin yana bisa, na gishirin ya kwanta a ƙasa. Kai na saman ka sha. Ƙofar nan kuwa ta ina take sha?"

Na san amsar, ta ƙasa take sha. Amma ga gari duka yana kallo, na riga na ce a buɗe.

"Ba na karɓar umarni daga gwangwanin kifi," na ce.

Inna Rokiyo ta kutso gaba. Gonarta ce ta ƙarshe a wutsiyar ƙorama, ita ta fi kowa asara. Ta kira sunana.

"Sman, ko ka murza ko ka kauce in murza. Ruwa zai koma teku muna tsaye muna sauraron 'yan yara masu wasa da cokali?"

Mutane suka goya mata baya. Maigari ya ce harshena ne hukunci, ba fitila ba, haka aka saba.

"To a ba harshen na ƙasan mana," in ji Tong. Ya juya wajen Faisol. "Kawo kwalbar lemonka."

"Ban ko sha rabi ba!"

"Shanye."

"Ku shaida, jama'a, na sadaukar domin kimiyya." Ya ɗaga kai ya zuƙe, ya yi gyatsa.

Suka ɗaura wa kwalbar dutse, suka yanki ɗan guntun silifas ɗin Faisol yana ihu, suka toshe bakinta da shi, suka ɗaura wa toshin zare dabam. Tong ya sake ta da igiya har ta zauna a ƙasa daidai bakin ƙofa. Nawin ya fizgi zaren. Kumfa ta taso. Suka jira ta lafa, suka jawo kwalbar cike.

Nawin ya zuba mini a ƙoƙona, ya miƙo da hannu biyu.

Na kurɓa. Kamar na sha ruwan da aka jiƙa busasshen kifi. Na furzar har ya ɓata mini zani. Na ajiye ƙoƙon.

Abin da na faɗa bayan nan shi ne mafi nauyin magana da ta taɓa fita daga bakina, amma na ɗaga murya don na baya su ji. "Zartsi ne. Yaran sun yi daidai. Da na buɗe, da na kashe muku itatuwa." Na mayar da ɗan abin da na murza, na sa kwaɗo.

Inna Rokiyo ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Babu wanda ya yi murna. Mun tsira daga gishiri, amma ƙishirwa na nan.

Nawin yana duba zanen gorar. "Kamu ɗaya da rabi na sama duk mai daɗi ne. Da za a iya yaɗe shi kamar yadda ake yaɗe mai a kan miya..."

Idona ya sauka kan tudun yumɓun da ke gefe.

"Tsohuwar ƙofa ta sama take sha," na ce. "Allo biyu kamu ɗaya ne. A kawo fartanya!"

Ban taɓa ganin an haƙe yumɓu da sauri haka ba. Maza da fartanya, mata da kwanonin da suka kawo shinkafa, Faisol da hannu zalla. Da allunan suka bayyana na shiga da kaina na zare na farko, na zare na biyu. Ruwa ya tsallako, ya zuba cikin busasshiyar ƙorama da ƙara, laka ta riƙa sha tana ƙyas-ƙyas. Ihun da aka yi a gadar nan, an ce har kasuwa an ji.

Na tsayar da Tong a gefen kogi, cokulansa daidai leɓen katako, na ce ko ƙiftawa fitilar ta yi ya faɗa. Can da ruwa ya ƙara cika, gishirin ƙasa ya taso, ta yi ja. Yaron da ba a jin muryarsa ya ƙwala ihu sai da karnuka suka amsa. Muka mayar da allo ɗaya, ya ɗaga cokulan zuwa sabon leɓe, fitilar ta mutu, ruwa ya ci gaba da shiga siriri har kogi ya fara janyewa.

Malama Wanida ta iso a babur ranta a ɓace, yara uku sun ɓata mata tun safe. Ta same su laka har wuya. Nawin ya miƙa mata takardar, jiƙaƙƙiya, gurbi uku a cike. Ta karanta, ta dubi ruwan da ke gudu, ta dube ni.

"Baba, gora nawa kuke buƙata?"

Washegari ta kawo yaran arba'in gaba ɗaya. A kan gadar suka haɗa gora shida, namu ukun suna nuna musu yadda ake ɗaure cokali. Faisol ya zama shugaba ba tare da kowa ya naɗa shi ba, yana tsawa, "Kai ɗan birni, wayarka ta jiƙe! Haka aka koya muku a gidan bene?" Aka raba su bakin kogi da bakin ƙorama. Duk cikar ruwa su auna, su faɗa mini zurfin mai daɗi, ni kuma in ce allo nawa za a zare. In na ɗanɗana su rubuta, in sun auna in saurara. Kwana uku muna haka.

Ranar da za a rufe sansanin, da safe, kan ruwan ya doshi wutsiyar ƙorama. Yaran suka bi shi da gudu a kan gaɓa, suna cire masa ganye da kara daga hanya, suna yi masa kirari kamar doki a sukuwa. Ni na biyo su a keke. Da ya karya kwana ya shiga lambatun gonar Inna Rokiyo, Nawin ya tsoma gora har ƙasa. Fitila ba ta kama ba. Sai kawai suka faɗa ciki da rigunansu, na birni da na ƙauye.

"Ku fita mini daga ruwa, 'yan banza!" in ji Inna Rokiyo, tana dariya, hawaye na bin kumatunta. "Za ku dama mini shi tun itatuwan ba su sha ba! Kai mai tumbin nan, fito ka kama mini tiyo!"

Bayan kwana ashirin da shida damina ta sauka sosai, kogi ya wanke har ƙasa. Mangwaron da ya rage a bisa ya nuna. A shekarar ba a sare itace ko ɗaya ba a bakin ƙoramarmu.