Akwati Mai Kusurwa Huɗu

Babanmu kafinta ne, kuma a duniya ba abin da yake girmamawa kamar kusurwa. Idan ya shiga gidan mutane, kafin ya gama gaisuwa idonsa na kan teburinsu, yana duba ko ya karkace. Taurin kai kuwa, katakon da yake yankawa ya fi shi laushi. Yayana ya gado shi tsaf. Shi ya sa ranar da Yaya ya ce ba zai gaji zarto ba, gyaran firiji zai koya, suka yi ta har ya tattara kayansa ya koma wani gari. Shekaru suka wuce ba wanda ya kira wani.

Da ƙarfin Baba ya fara raguwa, wata safiya a shago ya miƙo min wayarsa yana kallon bango.

"Auta, nemo min lambar wancan yaron."

Lambar shagon Yaya kawai na samu. Baba ba ya iya karanta ƙananan rubutu, don haka ya danna wurin saƙon murya ya yi magana, gajeriya, kamar mai tambayar farashin ƙusa. Kafin ya ajiye wayar amsa ta shigo. Na karanta masa: "Mun gode da tuntuɓar mu. Za mu amsa nan ba da jimawa ba."

Fuskarsa ta washe. "Kin gani? Ko numfashi bai bari na yi ba. Ashe jira yake."

Na so in bar shi a haka, amma Baba ba mutumin da ake yi wa rufa-rufa ba ne. Na kusanto da wayar idonsa.

"Baba, duba siffar. Wannan akwatin mai kusurwa huɗu, ruwan toka, na'ura ce ta turo shi. Kowa ya yi magana haka za ta ce masa. Maganar mutum tana zuwa a cikin mai zagayayyen baki, da ɗan wutsiya a gefe."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kusurwar dai ta fita daidai," ya koma kan aikinsa. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Daga ranar bai sake cewa in karanta masa ba. Kullum idan ya buɗe shago zai share garin katako, ya zauna a benci, ya tura saƙo: ruwan da aka yi, ciwon gwiwarsa, maƙwabcin da ya rasu. Sai ya nisanta wayar daga fuskarsa, ya runtse ido ɗaya yadda yake duba miƙewar katako. "Kusurwa," zai ce, ya sa ta a aljihu. Ni kam haushin Yaya nake ji, na kuma faɗa wa Baba ya daina wahalar da kansa. Ya ce in ba shi guduma.

Ranar da abin ya canza ina goge wata kujera. Na ji shiru ya yi yawa, na ɗago. Baba na tsaye da waya, yana shafa gefen saƙon da babban yatsa.

"Auta, zo ki duba min. Idona ne, ko bakin nan a zagaye yake?"

A zagaye yake, har da wutsiyarsa. Ban san me Yaya zai ce ba bayan wannan shirun. Na karanta a hankali: "Baba, ƙofar shagona ta kumbura tun da damina ta fara, ta ƙi rufuwa. Yaya ake yi?"

Baba ya yi tsaki. "Mai gyaran firiji ke nan." Ya karɓi wayar ya danna, ya fara bayanin inda ake ragewa da inda ba a taɓawa. Can ya tsaya a tsakiyar magana, ya share ido da gefen riga.

"Kai, bar ta kawai," ya ce. "Kada ka bari kowa ya taɓa ta. Zan zo in gani da kaina."