Randar Gogo a Murhun Turawa

Bobboyi, malamin daji, ya sayi gidan katako a hannun wasu Turawa da suka gama aikin hanya. Ya so ya kafa shi a Gembu mai sanyi, inda aka ce za a mayar da shi aiki, amma maganar ta shiririce. Dole ya sa kafintoci suka harhaɗa gidan a filinsa na Jambutu, kusa da Yola, ana tsakiyar bazara.

Gogo Kaltume, ƙanwar mahaifinsa, ta taso daga Yola takanas don ta gani. Ta ɗaga kai ta dubi rufin.

"Bobboyi, wannan tsini haka na mene ne?"

"Don ƙanƙara ta zame, Gogo. A ƙasarsu daga sama take zubowa kamar gari."

"Ikon Allah! Su kuma suka zauna?"

A falo ta tarar da wani rami a jikin bango, da bututu ya miƙe har sama.

"Nan suke hura wuta su ji ɗumi," in ji Bobboyi, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Gogo ta harare shi. Ta zura hannu a ramin, ta ji iska tana wucewa. Nan take ta sa kafintocin suka ɗauko randa suka girka a ciki, aka cika ta da ruwa.

Bayan la'asar ta ɗebo ruwan ta miƙa masa. Sanyi har haƙori.

"Wuta a ɗakin baƙi! Kai dai ba ka fahimce su ba. Bayin Allah wurin randa suka yi."