Daɓen Ɗakin Kande

A Tsamaye an daɗe da komawa siminti, amma ɗakin Kande daɓen ƙasa ne, kuma duk shekara bayan an kai gero rumbu sai ta sa an fasa shi an sake. Ba lalacewa yake yi ba. Ita dai ranar daɓen take so. Ranar ce tsofaffin ƙawayenta ke zuwa da madaɓansu, su durƙusa a jere suna bugun ƙasa, ita tana ba da waƙa suna amshi. Kowace shekara da sabuwar waƙa, kuma ba wanda take ƙyalewa: mai rowa, surukin da ba ya gaisuwa, har gwiwarta da ta ƙi lanƙwasuwa. A da ƙawayen su goma sha biyu ne. Yanzu saura huɗu, sai Kande ta biyar.

Bana tun da damina take ɗinka waƙar a ranta, tana tsinkar zogale tana gyara baiti. Ta sa ranar Laraba, ta jiƙa makubar da za a yayyafa wa daɓen a tsohuwar randa. Sai aka aiko jikarta ta haihu a Isa, ta tafi suna, ta yi kwana shida.

Ranar Talata ta dawo ta tarar da ɗanta Kalilu, mai kai kaya Maraɗi, tsaye a ƙofar ɗakin yana washe baki. An shafe ƙasan ɗakin da siminti, ya koma toka-toka, sumul kamar faranti. Wayyo, Kalilu! Ɗan kirki ne, wallahi, sai dai bai taɓa tambayar kowa ba kafin ya yi masa alheri.

"Inna, kin gani? Ba ki ƙara durƙuso da gwiwag ga. Magini ya ce shekara talatin ba a taɓa shi."

Kande ta dafa ƙyaure. Me za ta ce? Ta yi wa ɗa faɗa don ya ji tausayinta? Maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka, ita ma ta bi sahu.

"Allah shi yi ma albarka," ta ce.

Ta rasa bakin aika wa ƙawayen cewa an fasa. Da hantsin Laraba sai ga su, su huɗu, Saudatu a gaba tana dogara sanda, madaɓi a hammata. Suka tsaya a bakin ƙofa suna kallo.

"Ikon Allah," in ji Saudatu. "To mi za mu buga, Kande?"

"Ku zamna dai. Za ni ba ku waƙar hakanan."

Suka zauna a tabarma. Kande ta ɗauko baitin farko. Ba bugu, ba abin da zai riƙe waƙar. Suka amsa a rarrabe, wata ta riga, wata ta makara. A baiti na uku ita kanta ta ɓace, domin hannunta ne ya saba tuna mata abin da ke gaba. Ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa a nan.

Suka ɗan taɓa hirar tsadar magani, suka sha fura. Kafin azahar Saudatu ta miƙe da ƙyar, sauran suka bi ta. Kande ta raka su har zaure. A nan ne kowace shekara suke tsayawa su yi ta gardamar ranar da za a sa ta baɗi. Yau suka tsaya, ba ranar da za a sa.

"To," in ji Saudatu, "sai in an yi rasuwa mun haɗu."