Sunan Baba a Takardar Otel

Ƙafata ta dama ce ta kai mu Konni, shekarar da aka karya darajar sefa. Ta kumbura tun bayan girbi, magani ya ƙi ci, aka ce sai asibitin Konni, kuma wanda ya kama layi da sassafe shi likita ke gani. Kwana ya zama dole. Muka taso daga Illela, tamu ta Nijar, ba ta tsallaken iyaka ba, muka sauka tasha da rana tsaka.

Ga mai hankali, wurin kwana a Konni ba abin tunani ba ne. Wan maigidana, Yaya Jibo, yana nan da gidansa har da ɗakin baƙi. Falanto ne a komisariya, ofishin 'yan sanda, shi ke yawo da takardun buro a kan keke. Sai dai shekara uku ke nan ba sa ga maciji da ƙanen nasa, a kan gonar da ubansu ya bari. Shi kuwa nawa mijin, taurin kansa ko jaki sai ya sara masa.

"Otel za mu," in ji shi. "Mai araha, can bayan gari, nesa da komisariya."

"Malam, kana da ɗan'uwa cikin garin ga ka kwan otel? In Yaya ya jiya fa?"

"Wa ka gaya mai?"

Abin da ya dame ni ke nan, fiye da ƙafar. Faɗan gona ana yin sa a shirya. Amma ka shigo garin ɗan'uwanka ka biya kuɗin ɗaki, ka faɗa wa duniya ke nan ba ka da kowa a garin.

Muka hau kabu-kabu ɗaya mu biyu da jaka, don biyu tsada. Maigida ya ce a kai mu otel mai sauƙin kuɗi. Mai babur ya kutsa lungu ya fita lungu, ya tsaya da mu gaban wata rumfa, ga tukwane na tururi, ga mutane a kan benci suna zuba loma.

"Ga otel ɗin Balaraba," in ji shi. "Duk Konni babu mai araha kama tata."

Gaskiyarsa ce, a bakin mutanen nan duk inda ake sayar da shinkafa da wake otel ne. Shi da Malam suka tsaya suna gardamar kalma, ni ina tsaye da ƙafa ɗaya kamar kaza a ruwan sama.

Na biyu yana can inda manyan motocin siminti na Malbaza ke tsayawa. Kuɗin ɗakin ya yi wa Malam daɗi, har na ga haƙoransa. Mai tsaron wurin ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi Malam, ya ce, "Awa nawa?"

Bawan Allahn nan sai ya ɗaga kai yana lissafi daga azahar zuwa asuba. Ni na riga shi ganewa, don na hangi kwalabe a bayan ƙofa da wata mai jan baki tana leƙen mu. Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Shekara goma sha takwas da aure, 'ya'ya biyar, yau ni ake tambaya wa awa.

"Malam, ko ka ɗauko jikkar ga mu hita, ko in zamna nan ƙasa in tara maka mutane."

Na uku yana da kyau, sai dai ɗaki mai fanka kuɗinsa daban. Malam ya ce iskar Allah ma sayar da ita ake yi a Konni, muka wuce. Mai babur ya gaji da mu, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Sauran tafiyar da ƙafa muka yi ta, ina ɗingishi ina zagin Malam a zuci, har gidaje suka fara ƙarewa, gonakin gero suka fara.

Nan muka sami na huɗu. Ɗakuna shida a jere, randa a gindin dogon yaro, tsakar gida a share. Wani dattijo mai suna Alhasan ke tsaro. Kuɗin ya yi, nisan ya yi, Malam ya dube ni kamar wanda ya ci yaƙi.

Dattijon ya jawo wata 'yar takarda, ya nemi katin dantite na Malam, wato katin shaida. Ya rubuta sunan da ni ba na faɗa, amma tunda takarda ta faɗa: Abarshi. Ya rubuta gari. Ya ce, "Sunan uba?"

"Mamane. Mi za a yi da shi?"

"Doka ta. Kowane baƙo sai an cika mai."

Malam bai tambayi inda takardar ke zuwa ba. Ni ma ban tambaya ba, ƙafata nake ji.

Bayan la'asar ina zaune bakin ƙofa na miƙe ƙafar, sai na ji ƙararrawar keke. Wani mutum cikin kaki ya shigo da jakar fata a kafaɗa, suka gaisa da Alhasan irin gaisuwar masu haɗuwa kullum. Alhasan ya miƙa masa takardun baƙin ranar, uku ne kacal. Na gane shi tun kafin ya juyo. Ashe takardun otel komisariya ake kai su, kuma kowa ya san wanda ke yi wa komisariya yawon takardu.

Yaya Jibo ya daɗe yana kallon ta ukun. Sannan ya tako. Malam ya fito daga ɗaki da buta a hannu, ya tsaya cak.

Yaya bai dube shi ba. Ni ya gaisar, ya tambayi ƙafa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sai ya ɗaga takardar.

"Shekara goma sha biyu ina amsar takardun ga, A'i. Na direbobi na, da 'yan kasuwa, mutanen da ba su da kowa cikin gari." Ya sake duban takardar. "Baba bai taɓa kwana otel ba da rainai. Sai yau da anka kawo shi cikin takarda."

Malam ya ajiye butar a ƙasa. Ni da na wuni ina jin haushinsa, sai tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin hakan ma.

Yaya ya ninke takardar ya sa a jaka, don aiki ne, shi zai kai ta da hannunsa gaban mutanen da suka san sunan ubansa. Ya jawo keken kusa da ni.

"Hau baya, A'i. Ke ba ki ci gonar kowa ba."

Na hau, yana turawa a ƙasa. Ban waiwaya ba har muka wuce gonakin gero. Can sai na ji silifas ɗin Malam a bayanmu, fat, fat, da nisa kaɗan, yana ɗauke da jakarmu.