Ɗanlami Ya Auna Mota da Ido

Hamma, shugaban direbobin ayari, bai ɓoye masa komai ba. "Motar da ba ta kai ƙarfin doki ɗari ba, kada ta biyo mu. Hawan nan na bayan gada ba mu jiran kowa."

Ɗanlami ya san hawan. Nan 'yan bindiga ke fitowa bisa babura su tsinci motar da ta rage baya. Shi dillalin shanu ne a Talata Mafara, amma mahaifiyarsa Inna Kaltumi da ƙanwarsa Taiba da 'ya'yanta suna can ƙauyensu gaba da Faru, ƙauyen da ya kusa watsewa. Wannan ayarin da zai kwaso mutanen yankin shi ne na ƙarshe kafin ruwa ya cinye hanya.

Ya garzaya da tsohuwar motarsa wajen Haidar bakanike.

"Wagga tsohuwa?" Haidar ya yi dariya. "Sau nawa aka canza mata inji, ko ita ba ta sani ba. Amma shiga mu gwada."

Suka hau titin Bakura. Haidar ya maƙala waya jikin gilashi, ya ce akwai manhajar da ke rubuta gudun mota tun daga tashinta. In ta ga saurin da gudun ke ƙaruwa, aka kuma faɗa mata nauyin motar, sai ta fitar da ƙarfin injin. Ɗanlami ya taka totur har ƙasa, motar ta yi kururuwa.

"To, saura nauyi," in ji Haidar. "Ni dai ba ni da sikelin mota."

"Sikelin mi? Bijimi nawa na auna da idon nan?"

Ya sauka, ya zagaya motar, ya dafa bayanta, ya girgiza ta, ya bubbuga kamar yana taɓa tozo. Bakinsa kuwa bakin dillali ne, bai taɓa faɗin nauyin abin da ke hannunsa ba tare da ya ɗora wani abu a kai ba.

"Rubuta kilo dubu biyu."

"Alhaji, sayar mini za ka yi?"

"Rubuta, ɗan nema!"

Waya ta nuna doki ɗari da talatin. Hamma ya gani, ya ɗaga gira, ya ba shi wuri a ayari.

Sai da ya isa ƙauye, an gama ɗaure kaya, ga buhunan gero a but, ga keken ɗinkin Taiba bisa rufi, sannan kiran Haidar ya shigo, murya na yankewa.

"Alhaji, irin motarka aka kawo mini gyara. Ashe nauyin yana rubuce jikin ƙofa. Dubu ɗaya da ɗari ne kacal."

"To sai mi? Ai sauƙi ya samu."

"Ba haka ba ne! Wayar ta ɗauka injin ya ja dubu biyu da wancan saurin, shi ya sa ta yabe shi. Na sake lissafi. Doki saba'in ne, ita kaɗai ma, babu kaya."

Ɗanlami ya dubi motar. Ta zauna bisa tayoyinta kamar saniyar da ta ƙi tashi. Can bakin hanya direbobi sun fara danna oda.

Ya kama kwance igiya. Keken ɗinki ya fara sauka, Taiba ta juya baya. Buhuna suka biyo.

"Banda wancan," in ji Inna. "Iri ne. Tun na babanku."

"Inna, don Allah."

"In mun tahi ba iri, mi za mu shuka?"

"A ina za mu shuka, Inna?"

Ta ɗebi cikin tafi biyu ta ƙulle a bakin zane, ta shiga mota.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya sun riƙe ayari, har yaran suka fara gardamar wa zai fara ganin Maradun. Da suka haye gada ƙasa ta miƙe. Ɗanlami ya sauko giya ta biyu. Allurar gudu ta yi rawa, ta fara komawa baya. Motar da ke biye da su ta goce ta wuce, wata ta bi ta, sai ta Hamma, wanda ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai.

"Kawu, sun bar mu," in ji ƙaramar 'yar Taiba.

"Za mu cim musu."

Ƙafarsa ta riga ta kai ƙasa, babu sauran abin takawa. Ya sauko giya ta ɗaya. Motar ƙarshe ta haye tudu ta ɓace.

Inna ta fara salati a hankali, hannunta bisa ƙullin zanenta. Ɗanlami bai so ya duba madubi ba, amma ya duba. Babur ɗaya ya fito daga cikin sabara, sai na biyu, sai na uku. Ko sauri ba su yi.