Purga a Shagon Tsoho Zhao

Shekara uku Ghali ya yi yana sarin takalma a wurin tsoho Zhao, wani Basine, a titin Liuhua Lu can ƙasarsu, har ya zama yana da kujerarsa da kofin shayinsa a shagon. Hirarsu ba ta wuce gaisuwa da nuni da hannu, amma yana tinƙaho da ita a gaban 'yan'uwansa Kanawa.

A ƙarshen 1998 ya haɗu da Tankari, mutumin Maraɗi, bayan sallar Juma'a. Baƙo ne bai san gari ba, sai Ghali ya kai shi shagon. Suna zama Tankari ya hango kalanda a bango mai hoton dusar ƙanƙara, ya ce, "Purga." Tsohon ya ɗago da sauri. Ashe Tankari ya yi karatun likitan dabbobi a Rasha, shi kuwa Zhao ɗan arewacin ƙasarsu ne, can bakin iyaka da Rasha, ya iya Rashanci tun yana yaro.

Suka ɓarke da hira. Ghali na zaune, shayinsa ya huce, ba wanda ya waiwaye shi. Kalmar nan kaɗai yake tsinta tana ta dawowa. Da abin ya ishe shi sai ya yi dariya da ƙarfi, ya ce shi ma ya san ta, ai a Turanci maganin wankin ciki ake kira haka.

"Malam Ghali, kama ce kawai suka yi," in ji Tankari a hankali. Ya bayyana masa cewa ta wankin ciki daga Latin ta fito, Faransanci ma yana da ita. Wannan kuwa guguwar ƙanƙara ce, Rashawa sun aro ta daga maƙwabtansu na arewa. Sannan ya rage murya. "Yana ba ni labarin ƙanensa ne. Ita ta rutsa da shi a hanya, sai bayan kwana tara aka ga gawarsa."

Ghali ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne bai taɓa sanin tsohon yana da ƙane ba.

Ran Litinin ya koma shi kaɗai, bai gaya wa Tankari ba. Zhao ya tarbe shi da fara'a, ya leƙa bayansa, ya tambaye shi ina abokinsa.

"Meiyou," in ji Ghali, wato babu. Ya jawo kwalin takalma ya fara dubawa.