Saɓar da Tela Ya Ɓoye a Aljihu

Tun da ido ya hana tsohon tela zura zare a allura, sai ya koma kan furanni. Tsakar gidan nan ba inda bai jera tukwane da gwangwanaye ba, har wurin shanya sai da ya cinye. Da rani ruwan wankansa yake ragewa ya ba su. Da sanyi ya lulluɓe ƙananan da tsumma kamar jarirai. Matarsa kuwa cewa take da ita ya kula haka, da ta fi haka ƙiba.

Abin da ya fi ji da shi wata shuka ce mai hawa bango, a gindin taga, mai farin fure da ƙamshi. Shekaru yana lallaɓa ta, sai daminar bana ta yi duhu, ta cika da 'ya'yan fure, ana jiran su buɗe. Ita matar tun ranar dashe ta gindaya masa sharaɗi: duhun ganye maciji yake kira, randa ta ga alamarsa, ko tsinke ba za ta bari a gidan ba. Kuma kowa ya san ta, ba ta faɗa ta fasa.

To, ran nan da safe yana cire ciyawa a gindin shukar, sai hannunsa ya taɓa wani abu kamar leda. Saɓar maciji ce, doguwa, ko gama bushewa ba ta yi ba. Ya waiga, matar tana can tana shara. Bawan Allah sai ya nannaɗe ta ya cusa a aljihu.

Bai gama wanke hannu ba sai ga sallamar 'yarsu, goye da ɗiyarta mai rarrafe. Aka baza tabarma, kuma duk faɗin gidan sai a inuwar wannan shuka.

Tela ya ce a koma ɗaki, hadari yake gani. Suka ɗaga kai, sama fes. Ya ce to sauro. Matar ta tambaye shi sauron da ke cizo da hantsi. Sai ya sunkuci jikar ya rungume, mutumin da ko goyon nasa bai taɓa riƙewa ba sai an yi da gaske.

"Baba, yau kuma amaryar taka ce ta samu shiga haka?" in ji 'yar, tana dariya.

Ya yi yaƙe. Zufa na bin bayansa, abin nan na aljihu sai ƙara yake duk ya motsa. Yarinya kuwa ta gaji da ƙirjin tsoho, ta dinga zillo tana kuka, har uwar ta ce ya sauke ta mana. Ya sauke. Ta kama rarrafe, ba ta nufi ko'ina ba sai duhun nan. Hannunta ya kusa kai ga ganyen ƙasa, sai ganyen ya motsa, alhali ba iska.

Yadda ya fizgo ta, sai da ƙafarta ta bugi tukunya. Yarinya ta tsandara ihu, uwa ta miƙe. Shi kuwa ya miƙa mata ɗiyarta, ya zaro saɓar ya shimfiɗa a kan tabarma.

Matar ta dubi saɓa, ta dubi mijinta.

"Malam, tun yaushe?"

"Tun safe."

 Ta kora 'yar da jikar ɗaki ta ja ƙofa, ta ɗauko adda. Ya ce ta ba shi, shi ya dasa. Ya fara sara daga sama, 'ya'yan furen na zuba a kan takalmansa. Da ya kai gindi, sai ga macijin, baƙi wuluk, ya sulale ya bi ta rariya ya fice.

Tela ya tsaya da adda a hannu, yana kallon sauran tukwanen, yana jiran hukunci. Matar ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallonsa.

"Ka toshe rariyar tukuna," ta ce. "Sauran kuma ka janye su daga jikin bango, inda zan riƙa ganin gindin kowace."